Ilmin Kunne a Tamanrasat: Daga Maƙera Zuwa Fankar Kwamfuta

Duk wanda ya yi nazarin tarihin sana'ar gyare-gyare a Tamanrasat, wannan birni na tsaunukan Ahaggar da ke kudancin Aljeriya, zai tarar abubuwa biyu ne suka raine ta tun fil azal, watau nisa da ƙura. Nisa, domin tsakaninsa da birnin Aljas akwai kusan kilomita 2,000, kuma abin da ya lalace ba a samun madadinsa sai bayan dogon jira. Ƙura kuwa, domin ƙasa ce da ruwan sama ya yi wa ƙaranci ainun, ga iska tana ɗauko rairayi tana cusa shi cikin kowace kafa.

A zamanin da Buzayen Kel Ahaggar suke loda gishirin Amadror bisa raƙuma suna gangarawa Damargu su musanya shi da gero, maƙeransu ne ma'abota wannan fanni, su ke ɗinke sirdi, su ke raya takobi da kwaɗo. Garin kansa ƙauye ne ɗan ƙarami lokacin da malamin Kirista Charles de Foucauld ya sauka cikinsa a 1905, inda aka kashe shi a 1916. Bayan haka, a shekarun 1930, motocin kamfanin Faransawa suka fara ratsa Hamada daga Aljas su bi ta nan zuwa Agadas da Damagaram har Kano, sai bakanike ya gaji maƙeri, ya kuma gaji halinsa. A daji inda babu gareji, direban da bai iya jin canjin kukan injinsa ba tun kafin ya tsaya, to, ya jefa ransa da na fasinjansa cikin halaka.

Aljeriya ta sami 'yanci a 1962, aka mai da Tamanrasat babban birnin wilaya a 1974, kwalta ta iso a 1978, jama'a suka yi ta kwararowa, cikinsu har da 'yan'uwanmu Hausawa da suka biyo ta Arlit da Assamaka da In Gezzam neman halaliyarsu. Da intanet ta shigo ƙasar a 1994, daga baya aka yarje wa 'yan kasuwa su buɗe shagunanta, kana aka kafa cibiyar jami'a a garin a 2005, sai kwamfuta ta shiga ofisoshi da makarantu, ita ma ta faɗa hannun ƙurar nan da ta wahalar da magabatanta.

To, a nan ne nake son mai karatu ya dakata ya dubi aikin da kyau, domin akwai hikima cikinsa da ba a ba ta haƙƙinta ba. Idan aka kawo wa mai gyara kwamfuta tana wani ƙas-ƙas-ƙas, ba ya gaggawar kwance ta, sai ya kunna ta, ya buɗe murfin, ya karkata kai ya saurara, kamar yadda makiyayi yake gane raƙumin da ke ɗingishi daga sautin takunsa. Mas'ala ta farko da yake son warwarewa ita ce, shin ƙarar tana bin gudun fanka ko kuwa tana da nata lokaci dabam. In tana sauri sa'ad da fanka ta yi sauri, tana lafawa sa'ad da ta lafa, to illar tana ga fanka. Amma in ƙarar tana zuwa jefi-jefi daga faifan ajiya, injin kuma yana sanƙarewa, wannan babbar musiba ce, wajibi ne a kwashe bayanan mai ita nan take kafin faifan ya mutu.

Da ya tabbatar fanka ce, sai ya bi fankokin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora yatsa a cibiyar kowace na ɗan ƙiftawar ido, wadda ƙarar ta ɗauke da tsayawarta ita ce mai laifi. Ban da ta cikin akwatin wuta, wadda mai hankali ba ya cusa mata hannu, gama akwai lantarki maƙare a ciki ko bayan an zare waya. Galibi dalilin bai wuce wata siririyar waya da ta zamo tana shafar fiffike ba, sai a ɗaure ta gefe, magana ta ƙare. Wani lokaci ƙura ce ta dunƙule a fiffike guda ta rinjaye shi, ko kuwa ya tsage. Mafi yawan faruwa a wannan ƙasa shi ne bushewar man da ke cikin boris, inda rairayi ya shiga yana cin ƙarfe sannu a hankali. Sai a ɗaga takardar da ke manne a bayan fankar, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya, ta samu sa'ida har madadi ya iso. Kada kuma a manta garin yana bisa tudu na sama da mita 1,300, iskarsa ba ta da kauri, saboda haka ba ta kwashe zafi kamar ta bakin teku, dole fanka ta ƙara wahala.

A ganina wannan ilmi ne na haƙiƙa, mai ƙa'ida da ƙiyasi da hujja, kuma abin takaici ne yadda yake neman raguwa yanzu da kaya suka wadata, yaro ya gwammace ya cire ya jefar ya sa sabo ba tare da ya san musabbabin cutar ba. Ina roƙon iyayen gidan sana'a, na Tamanrasat da na Agadas da na Kano, kada su sallami almajiri sai ya iya bambance kukan waya da na boris da na faifai, murfi yana rufe.