Daga Kotun Asiri zuwa Dandalin Biki: Tarihin Ɗalibai Masu Son Jinsinsu a Jami'o'in Amurka

Gabatarwa



Duk wanda ya shiga harabar wata babbar jami'a a ƙasar Amurka cikin watan Oktoba, a shekarun da suka biyo bayan 1994, mai yiwuwa ne ya tarar da tutoci masu launin bakan gizo a ƙofar ɗakin karatu, da sanarwar laccoci, da nunin tsofaffin hotuna da takardu. Wannan shi ne watan da aka keɓe domin tunawa da tarihin maza masu son maza, da mata masu son mata, da masu son jinsi biyu, da kuma waɗanda suka bar jinsin da aka san su da shi tun haihuwa, watau jama'ar da ake taƙaita sunansu da haruffan LGBT. Baƙo zai zaci karimcin jami'a ne ya haifi wannan biki. Alhali kuwa jami'o'in da suka zo suna shirya shi, su ne dai waɗanda a da suka kori irin waɗannan ɗalibai a asirce, suka kulle takardun shari'arsu cikin akwatuna.

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita maganar suna. Hausa tana da kalmomin luwaɗi da maɗigo, amma duka biyun sunayen aiki ne, kuma kowace tana tafe da hukuncinta a goye. Su kuwa mutanen da ake magana a kansu sun ɗauki al'amarin a matsayin halinsu da asalinsu. Saboda haka a wannan lacca za a riƙa kiransu masu son jinsinsu. Aikin mai nazarin tarihi shi ne ya bayyana abin da ya auku, da yadda ya auku, da dalilinsa. Tambayar da ke gaban wannan taro ita ce: ta wace hanya jami'a ta tashi daga matsayin alƙali mai yanke hukunci a ɓoye, ta koma mai masaukin biki?

Kotun Asiri ta Harvard, 1920

Jami'ar Harvard, wadda aka kafa a 1636, ita ce mafi tsufa a Amurka. A cikin watan Mayu na 1920 wani ɗalibinta ya kashe kansa a gidan iyayensa da ke Jihar Massachusetts. Bayan rasuwarsa sai wansa ya ga waɗansu wasiƙu da abokai suka aiko masa, waɗanda suka nuna akwai wani rukunin ɗalibai masu son jinsinsu da ke taruwa a wani ɗakin kwana na jami'ar. Ya ɗauki wasiƙun ya kai wa muƙaddashin shugaban kwalejin, Chester Greenough. Da amincewar shugaban jami'a, Abbott Lawrence Lowell, aka naɗa mutum biyar daga manyan ma'aikata, waɗanda suka kira kansu Kotu.

Wannan kotu ta yi kamar mako biyu tana zama, ta yi wa mutane tambayoyi har fiye da sau talatin. Ana kiran ɗalibi shi kaɗai, ba lauya, ba mai kāre shi, a tambaye shi sirrin ɗakinsa da na abokansa. A ƙarshe aka raba ɗalibai takwas da jami'ar, tare da wani ƙaramin malami da wani da bai daɗe da kammala karatu ba. An umarce su da su bar garin Cambridge, an rubuta wa iyayensu, sa'an nan idan wata makaranta ta nemi bayanin ɗayansu, sai a ba ta amsar da za ta toshe masa hanya. Ɗaya daga cikinsu, ɗalibin likitancin haƙori, ya kashe kansa a cikin watan Yuni na wannan shekara. Biyu kaɗai aka mayar daga baya.

To, abin lura a nan shi ne jami'ar ba ta ƙone takardun ba. Ta adana su, ta yi shiru har shekara 82. Sai a 2002 wani ɗalibi mai aiki da jaridar ɗalibai ta Crimson, Amit Paley, ya ci karo da wani suna a jerin kayan ma'adanar jami'a: Kotun Asiri, 1920. Bayan ja-in-ja aka saki shafuka wajen 500, amma an shafe sunaye. Ɗaliban jaridar suka yi watanni suna gwada kwanaki da tsofaffin rajistoci har suka gano ko su wane ne, suka buga labarin a watan Nuwamba na 2002. Shugaban jami'ar na lokacin, Lawrence Summers, ya fito ya bayyana nadama a kan abin da aka yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji Hausawa. Na asiri ma haka yake, ko da ya ɗan fi tsawo.

Kwamitin Johns a Florida

Abin da Harvard ta yi da hannunta, a Jihar Florida hukuma ce ta yi shi. Zamanin yaƙin cacar baka ne, sa'ad da gwamnatin Amurka ke ganin mai son jinsinsa a matsayin wanda maƙiya za su iya riƙe sirrinsa su juya shi. A 1953 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a kan umarnin da ya buɗe ƙofar korar irinsu daga aikin gwamnatin tarayya. A 1956 majalisar dokokin Florida ta kafa kwamitin bincike wanda aka fi sani da sunan jagoransa, Sanata Charley Johns. Farkon abin da kwamitin ya sa gaba shi ne ƙungiyar NAACP mai neman haƙƙin baƙaƙen fata, yana neman ya liƙa mata kwaminisanci. Da lauyoyin ƙungiyar suka tare shi a kotu, sai a 1958 ya juya kan Jami'ar Florida da ke Gainesville, inda ya sami waɗanda ba su da mai tsaya musu.

Ana fitar da ɗalibi daga aji, ko malami daga ofis, a kai shi ɗakin masauki a tsare shi da tambayoyi, a ce ya ambaci sunayen waɗansu. Hukumar jami'ar, a ƙarƙashin shugabanta J. Wayne Reitz, ta ba da haɗin kai. Malamai fiye da goma suka rasa aikinsu, ɗalibai da dama suka bar karatu. A 1964 kwamitin ya buga wata ƙasida mai bango shunayya domin ya tsorata jama'a, amma hotunan da ya cusa a ciki suka sa mutane suka ce hukuma ce da kanta ke yaɗa batsa da kuɗin haraji. Kwamitin ya mutu a 1965. Takardunsa ma aka kulle su, ba a buɗe ba sai a 1993.

Ƙungiya ta Farko da Zaman Kotu

Juyin ya faro ne daga ɗalibai. A Jami'ar Columbia da ke birnin New York, wani ɗalibi mai suna Robert Martin, wanda ya ɗauki laƙabin Stephen Donaldson, ya nemi a yi wa ƙungiyar ɗalibai masu son jinsinsu rajista. Ƙa'idar jami'a ta ce sai an kawo sunayen 'yan ƙungiya. Wannan kuwa tarko ne, domin a lokacin dokar jihar tana hukunta abin da ake zarginsu da shi, kuma a duk Amurka Jihar Illinois ce kaɗai ta soke irin wannan doka, tun 1962. Dabarar da Donaldson ya yi ita ce ya roƙi waɗansu sanannun shugabannin ɗalibai, waɗanda ba wanda zai zarge su, suka ba da sunayensu a madadin masu tsoro. A watan Afrilu na 1967 aka ba ƙungiyar takardar izini, ta zama ta farko irinta a jami'o'in Amurka. Jami'ar Cornell ta bi baya a 1968.

Ke nan ƙungiyar Columbia ta riga tarzomar Stonewall da shekara biyu. Ita wannan tarzoma ta auku ne ran 28 ga Yuni, 1969, sa'ad da 'yan sanda suka kai sumame wata mashaya a New York, mutanen ciki suka ƙi watsewa. Bayanta ƙungiyoyi suka yawaita. A 1971 Jami'ar Michigan ta buɗe ofishi na farko mai kula da irin waɗannan ɗalibai, ta ɗauki Jim Toy da Cynthia Gair su riƙe shi. A watan Disamba na 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire son jinsi daga jerin cututtuka, hujjar da jami'o'i suka daɗe suna jingina da ita ta rushe.

Duk da haka jami'o'i da yawa ba su sakar wa ɗaliban mara ba sai da alƙali ya tilasta musu. A 1972 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar wata ƙungiyar ɗalibai 'yan siyasa, cewa kwalejin gwamnati ba ta da ikon hana ƙungiya rajista don kawai tana ƙin ra'ayinta. Da wannan sanda ɗalibai masu son jinsinsu suka yi ta kai ƙara. A New Hampshire, Gwamna Meldrim Thomson ya yi barazanar hana jami'ar jihar kuɗi saboda ƙungiyar ta shirya rawa da wasan kwaikwayo. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba ɗalibai gaskiya a 1974. Jami'ar Missouri ta sha kaye a 1977, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙararta a 1978, ko da yake Alƙali William Rehnquist ya saɓa, har ya kwatanta al'amarin da killace masu ƙyanda. Jami'ar Texas A&M ta ja shari'arta tun daga 1977 har 1985, ita ma ta faɗi. Kotunan ba su ce suna yabon halin ɗaliban ba. Abin da suka ce shi ne 'yancin taro da na magana bai tsaya a kan wanda hukuma ke so kaɗai ba.

Asalin Bikin

Sai da aka sami izinin taruwa sa'an nan aka fara tambayar tarihi. A 1994 wani malamin tarihi a makarantar sakandare ta Jihar Missouri, Rodney Wilson, ya kawo shawarar a keɓe wata guda. Ya yi koyi ne da watan tarihin baƙaƙen fata, wanda ya tsiro daga makon da Carter G. Woodson ya ƙirƙiro a 1926. An zaɓi Oktoba domin makarantu suna buɗe a cikinsa, kuma a cikinsa aka yi manyan jerin gwano biyu a birnin Washington, a 1979 da 1987. Birtaniya ta fara nata a watan Fabrairu na 2005.

A 1995 aka ƙara wani biki a Jami'ar Michigan, watau bikin yaye ɗalibai masu son jinsinsu, wanda aka raɗa wa sunan launin shunayya mai haske. Wadda ta ƙirƙiro shi, Ronni Sanlo, mace ce da aka raba ta da 'ya'yanta a Florida bayan ta bayyana halinta, har ba ta sami halartar bikin kammala karatunsu ba. Ɗalibai uku ne aka yaye a karon farko, daga baya al'adar ta bazu zuwa jami'o'i masu yawa. Launin da kwamitin Johns ya sa a bangon ƙasidarsa domin kunyatarwa, danginsa ne ɗalibai suka rataya a wuya ranar da iyaye ke tafa musu.

Bikin bai kawar da haɗari ba. A watan Oktoba na 1998, cikin watan tarihin kansa, waɗansu samari biyu suka yi wa Matthew Shepard, ɗalibin Jami'ar Wyoming mai shekara 21, dukan kisa, suka bar shi ɗaure a jikin shinge a bayan garin Laramie. Ya cika ran 12 ga wata. Dokar tarayya ta 2009 a kan laifuffukan ƙiyayya tana ɗauke da sunansa. Dokokin jihohi masu hukunta son jinsi kuwa ba su faɗi gaba ɗaya ba sai da Kotun Ƙoli ta soke su a 2003.

Kammalawa

Kada a ɗauka tafiyar miƙaƙƙiya ce. A 2023 jihohin Texas da Florida suka yi dokokin hana jami'o'in gwamnati riƙe ofisoshin kula da bambance-bambancen ɗalibai, ko kashe musu kuɗi. A wannan shekara Jami'ar Houston ta rufe cibiyarta ta ɗalibai masu son jinsinsu. A 2025, tana tsakiyar rikici da gwamnatin Shugaba Trump, Harvard ta sanar cewa ta daina ba da kuɗi ko wuri domin bukukuwan yaye na rukunonin ɗalibai daban-daban. Abin da hukuma ta bayar da sa hannu, tana iya karɓewa da sa hannu.

Akwai dai abin da ba ya karɓuwa. Shafuka 500 na Harvard sun riga sun fito, akwatunan kwamitin Johns suna ma'adanar jihar Florida inda mai bincike zai iya dubawa, hukunce-hukuncen kotuna kuma suna cikin littattafan shari'a. Ma'aunin jami'a a wannan tarihi abu biyu ne: yadda ta bi da ɗalibin da ba ta so sa'ad da ya tsaya a gabanta shi kaɗai, da kuma ko ta yarda 'ya'yanta su buɗe akwatin su karanta abin da ta aikata. Lowell da Reitz masana ne, masu martaba a zamaninsu, kuma kowannensu ya tabbata yana kāre mutuncin makarantarsa ne. Takardun da aka tara domin tabbatar da laifin ɗalibai, su ne yau ake karantawa domin auna su shugabannin. Waiwaye adon tafiya ne, amma ga jami'a ya wuce ado, domin ita ce gidan da aka gina musamman don kada a manta.