Ƙwannafi da Dushewar Murya: Yadda Aka Gano Dangantakarsu

Yau za mu ba ku tarihin wata cuta wadda kowa ya sani, watau ƙwannafi, da yadda aka daɗe ba a gane tana taɓa murya ba. Maganar ta shafi ladanai, da malaman makaranta, da maroƙa, da 'yan talla, da duk wanda ya ke cin abinci da muryarsa.

Tun zamanin kakanni mutanen Birnin Kudu da Gwaram sun san maganin zafin ƙirji, shi ne kanwa. Fatake ke kawo ta daga ƙasar Manga da bakin Tafkin Chadi. In mutum ya ci tuwo da yaji da dare, ƙirjinsa ya ɗauki zafi, sai a jiƙa masa 'yar kanwa ya sha, ya yi gyatsa, ya sami sauƙi. Ba ƙarya su ka yi ba, domin kanwa tana kashe tsami. Amma in aka wayi gari muryar mutumin nan ta dushe, sai a ce sanyi ne, ko ƙurar hunturu, wani ma ya ce sammu aka yi masa. Ba mai tuhumar ciki.

Su ma Turawa haka su ka daɗe. Sai a 1823 wani likitan Ingila, William Prout, ya nuna irin ruwan tsami mai ƙarfi da tumbi ke zubarwa don narka abinci. A 1822 kuma an harbi wani saurayi, Alexis St. Martin, a Amurka, raunin ya warke ya bar rami har cikin tumbi. Ta ramin nan likitan soja William Beaumont ya yi shekaru yana duban aikin ruwan, ya buga littafinsa a 1833.

To, ciki ke nan. Wajen murya kuwa, abin mamaki, ba likita ne ya buɗe hanya ba. Wani malamin waƙa ne, mutumin Sifen, Manuel Garcia. A 1854 ya sa ƙaramin madubin masu gyaran haƙori a bayan bakinsa, ya haska da rana, ya ga waɗansu 'yan leɓuna biyu cikin maƙogwaronsa suna buɗewa suna rufewa. Su ke kaɗawa su ba da murya. Wurinsu kuwa dab ya ke da bakin hanyar abinci.

Duk da haka sai da aka ƙara shekara fiye da 100 kafin a haɗa biyun. A 1935 Asher Winkelstein na birnin New York ya bayyana cewa ruwan tumbi yakan hau sama ya ƙona hanyar abinci. A 1968 likitoci biyu, Cherry da Margulies, su ka sami masu gyambo a maƙogwaro waɗanda su ka warke da aka yi musu maganin tsamin ciki. Sa'an nan a 1991, shekarar da aka cire Jigawa daga Jihar Kano, likita Koufman ta Amurka ta ba da labarin mutum 225 masu ciwon maƙogwaro irin wannan. Fiye da rabinsu ba su jin ƙwannafi ko kaɗan.

Ku lura da wannan da kyau. Hanyar abinci tana da juriya, amma leɓunan murya ba su da ita. Tsami kaɗan ya isa ya kumbura su. Mutum sai ya tashi da asuba murya a dushe, yana ta gyaran murya, yana jin kamar wani abu ya tsaya masa a wuya, ga tari ba kaki. Shi kuwa yawan gyaran muryar ƙara gurje su ya ke yi.

Magani ma ya sake. A zamanin En'e, ɗakunan magani na gundumomi farin ruwan nan su ke bayarwa, wanda aikinsa kusan na kanwa ne, ya kashe tsamin da ya riga ya zuba. A 1976 aka fito da ƙwayar cimetidine a Ingila, a 1988 kuma omeprazole daga Suwidin. Su waɗannan rage zubar tsamin su ke yi tun daga tushe. Kanwa kuwa an gano aibinta a nan gida. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun nuna cewa yawan kunun kanwa da zafin wankan jego suna da hannu cikin ciwon zuciya da ke kama masu jego a Zariya, saboda gishirin da ke cikin kanwa. Don haka mai hawan jini, da mai ciki, da mai jego, kada su mai da ita maganin kullum.

A ganinmu abin da ya fi ƙwaya sauƙi shi ne gyaran hali. A bar awa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya. A sa tubali a ɗaga kan gado kamar inci 6. A rage maiƙo, da yaji, da goro da dare, a bar taba da sigari ɗungum. Da azumi kada a cika ciki da sahur a koma shimfiɗa nan take.

Amma fa ba kowace dushewar murya ce daga ciki ba, likitocin yau ma suna gargaɗin kada a ɗora wa tsami laifin kome. Tarin fuka yana dusar da murya, ciwon daji na maƙogwaro ma haka. Wanda muryarsa ta wuce mako 3 ba ta dawo ba, ko yana ramewa, ko haɗiya tana yi masa wuya, ko ya ga jini a kaki, ya gaya wa malamin ɗakin magani ya rubuta masa takarda zuwa babban asibitin Birnin Kudu, wanda ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 2000, domin likita ya duba maƙogwaron da idonsa.