Fijo 404 Da Birkin Da Ba Nata Ba

Wannan makon tarihin birkin mota na kawo mana, kuma dalilinsa tsohuwar Fijo 404 ta kawuna ce a nan Sakkwato.

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 404 a 1960, da birkin ganga, wanda makanikai ke kira doram, a ƙafafu huɗu. A lokacin birkin faifai ya riga ya nuna kansa: motar Jaguar ta ci tseren Le Mans da shi a 1953, Citroën DS kuma ta fito da shi a ƙafafun gaba a 1955. Sai a ƙarshen shekarun 1960 aka fara sa wa 404 faifai a gaba, daidai lokacin da 504 ta fito, a 1968. Da PAN ta fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, gwamnatin sojan Obasanjo kuma ta mai da 504 motar jami'anta, kayan gyaran Fijo suka cika kasuwannin Arewa. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har 2006.

Wannan yalwar ce ta sa masu tsohuwar mota mai ganga suka riƙa cire gangunan gaba suna ɗaura faifai. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Ganga rufaffiya ce, tana tara zafi, kuma da zafin Afrilu da lodin albasa, birkin kan mutu a ƙafar direba. Faifai kuwa iska na dukansa.

Kawu ya bi sahu. Sati bai cika ba, a hanyar Kware, ya taka birki saboda garken awaki, feda ta tafi har ƙasa, motar kuma ta ci gaba da tafiyarta. Sai da ya famfa sau uku ta tsaya. Ina kujerar gaba.

Abin da ban sani ba sai bayan na zauna da wani dattijon makanike shi ne ganga tana taimakon kanta. Juyawarta na jan takalmin birkin ya ƙara mannewa, don haka ƙarfi kaɗan ya ishe ta. Faifai ba ya yin haka. Duk matsin da zai samu daga man birki yake zuwa, fistocin kalifar da ke matse shi kuma sun fi na ganga faɗi, sun fi shan mai. Kawu ya sa faifai, ya bar tsohon masta da aka ƙera don ganga. Man da yake turawa bai isa ba, shi ya sa feda ke nutsewa. Masta mai faɗi fiye da kima shi ma matsala ne: feda ta yi tauri kamar dutse, mota ta ƙi tsayawa, musamman in babu tulun da ke amfani da zuƙar injin ya ƙara wa ƙafa ƙarfi.

Dattijon bai tsaya nan ba. Ya leƙa ƙarƙashi, ya ce, "Alhaji, wanga aiki an yi shi baibai." An musanya kalifar hagu da ta dama, ƙusoshin fitar da iska suka koma ƙasa. Iska sama take taruwa, ko a kwana ana famfawa ba za ta fita ba. Akwai kuma ɗan bawul a mastan ganga mai riƙe matsi kaɗan a bututu. Ga faifai, sai ya sa birki ya riƙa gugar ƙafa yana zafi. Gangunan baya ma sun yi sako-sako, suna cinye rabin takun feda.

A ganina wanda ya yi aikin farko ba mugu ba ne, ya koyi sana'a a zamanin da kowace mota ke zuwa da faifai, bai taɓa tunanin masta yana da iri ba. Waɗanda suka yi aiki a kan ganga da faifai duka suna ƙarewa. Na yi kwana biyu a garejinsa da littafi a hannu.

Aka juya kalifofin, aka sa masta da tulun da suka dace da faifai, aka ɗaure gangunan baya, aka zuba sabon mai. Kawu ya gwada ta a hanyar Wamakko da asuba, shi kaɗai, don na ce ina da uzuri.