Aikin Agaji a Ƙasar Maiyama: Daga Fari Zuwa Ambaliya

Mu da muka yi aikin agajin gaggawa a yankin Jega, Aliero da Maiyama, sana'ar da muka gada fari ne ya haife ta. Bayan farin 1972 zuwa 1974 da ya ƙarar da dabbobi da amfanin gona a Arewa, gwamnatin soja ta kafa hukumar agaji ta ƙasa a 1976. Aikinta bai wuce kai kayan agaji inda masifa ta sauka ba. Sai a 1999 NEMA ta gaje ta, aka ce a riƙa shiri tun kafin masifa ta auku, jihohi ma suka kafa nasu hukumomin.

Kafin mu ƙware a sha'anin fari, ruwa ya zama babban abokin gaba. A Satumbar 2010 ruwan madatsar Goronyo ya malale ƙauyuka a Sakkwato da Kebbi, a 2012 kuma ambaliya ta game ƙasa. Amma 2020 ce ta fi taɓa ni. A Nuwambar 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi, manoma suka karɓi iri da taki da injin ban ruwa suka cika fadamun Gulbin Zamfara. Da ruwan 2020 ya zo, hukumomin jihar Kebbi sun ce ya shafe kimanin hekta 450,000 ta shinkafa. Na ga magidanci cikin kwalekwale da lauje, yana yankan zangarniyar da ta leƙo saman ruwa, ɗanya shakaf, wai ko za a samu na tuwo.

Takardar ƙidayar da muke yawo da ita tana da gurbin gidajen da suka rushe da na mutanen da suka rasu. Ba ta da gurbin bashi. Sai ka miƙa wa mutum tabarma da bargo da bandir ɗin kwano, alhali abin da ya hana shi barci kuɗin takin da ruwa ya tafi da shi ne. Ga kuma rigimar sunaye. Mai unguwa ya san wanda ɗakinsa ya faɗi, amma idan takardar ta biya ta hannun 'yan siyasa, wani lokaci sai ta dawo da sunayen waɗanda ko ƙafarsu ba ta jiƙe ba. Wannan ya fi ruwan kansa ɓata zumunci a gari.

An dai ci gaba, tunda yanzu hukumar yanayi NiMet da hukumar ruwa NIHSA suna fitar da hasashe kowace shekara kafin damina ta kankama. Sai dai hasashen da ya tsaya a taron fitar da shi a Abuja bai amfani manomin garin Mungadi ko Andarai da komai ba. A kai shi masallatan Juma'a da kasuwar Jega da rediyo cikin Hausa, a tanadi tudun da jama'a za su koma, a kuma karanta sunayen masu karɓar agaji a bainar jama'a, gaban hakimi, kafin a sauke buhu ko ɗaya.