Girkancin Kasuwa: Yadda Juji Ya Raba Gardamar Malaman Nahawu

Yau za mu leƙa wata tsohuwar gardamar nahawu da aka sha a ƙasashen Turai, kan harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, wato littafin Kiristoci.

Da Girkanci aka rubuta shi, tsakanin wajen shekara ta 50 zuwa ta 100 miladiyya. To amma duk wanda ya saba da Girkancin su Aflatun, da ya buɗe Linjilar Markus sai ya ji wani bambaraƙwai. Jimloli gajeru, "da" a nan "da" a can, ga kalmomin da ba a taɓa gani a littattafan magabata ba. Tun ƙarni na 17 malamai suka rabu. Wasu suka dage cewa tsantsar Girkanci ne, wasu suka ce ai Ibrananci ne aka sa wa rigar Girkanci. Daga baya har aka samu masu cewa wani harshe ne na musamman da aka keɓe don wahayi. Wani ƙamus da Joseph Thayer ya fitar a 1886 ya jera kalmomi sama da 700 da ake zaton sai a littafi mai tsarki ake samun su.

Ka san abin da ya raba gardamar? Juji. A Masar, inda ruwan sama bai cika sauka ba, takardun fafirus, waɗanda ake yi da wata ciyawar bakin kogin Nilu, sun shekara kusan dubu biyu cikin rairayi ba su ruɓe ba. Wani matashin malami Bajamushe, Adolf Deissmann, ya duba irin waɗannan takardu da aka buga a Balin, sai ya ga ai wannan harshen ya san shi. Ya fitar da bincikensa a 1895. Ba a jima ba, a 1897, wasu Turawan Ingila biyu, Grenfell da Hunt, suka shiga tonon jujin tsohon garin Oksirinkus, kimanin kilomita 160 kudu da Alƙahira, inda a ƙarshe aka kwaso guntayen takardu wajen rabin miliyan: rasidin haraji, takardar aure, ƙarar maƙwabci, wasiƙar ɗa ga uwa.

Duba misali. Kalmar "apeko" da Linjilar Matta ta yi amfani da ita a sura ta 6, kan masu sadaka don a gani, ita ce kalmar da ake rubutawa a rasidi idan an karɓi kuɗi cif. Ke nan mai sauraro na wancan zamani abin da yake ji shi ne an biya su, an ba da rasidi, ba sa bin kowa bashi. Sai kuma "arrabon", wadda Bulus ya yi amfani da ita kan alkawarin Ubangiji. Ita ce abin da mu muke kira kafin alƙalami. An same ta a wata wasiƙa inda wani yake shaida wa abokinsa ya ba mai kama ɓeraye dirhami 8 kafin alƙalami, don ya kama su tun suna da ciki. Mai kama ɓeraye fa! A lissafin Deissmann, kalmomi 700 ɗin nan sun dawo kamar 50.

Wannan harshe shi ake kira Koine, Girkancin gama-gari da ya bazu bayan yaƙe-yaƙen Iskandar na Makidoniya. A ganina dai Deissmann ya ɗan zarce, don tasirin Ibrananci na nan, ta hanyar tsohuwar fassarar Attaura zuwa Girkanci, kuma marubutan ba ɗaya suke ba. Luka ya fi Markus gogewar alƙalami nesa ba kusa ba. Akwai ma kalmomin ibada da aka bari yadda suke ba fassara, irin su "amin" da "abba".

Me ya sa harshen talaka? Yawanci da kunne ake karɓar littattafan nan. Wajen shekara ta 150, Jastin Shahidi ya bayyana yadda ake taruwa ran Lahadi: a karanta rubutun manzanni ko na annabawa gwargwadon lokaci, shugaba ya yi wa'azi, a yi addu'a jama'a su amsa da amin. Akasarin masu zaman ba su iya karatu ba.

'Yan boko na lokacin kuwa abin ya dame su. Agustin, mutumin Arewacin Afirka, ya faɗa da bakinsa cewa yana saurayi ya raina fassarar Latin ta littafin da ya gwada ta da salon Sisero. A ƙarni na 5 wani mawaƙin Masar, Nonnus, ya mayar da Linjilar Yohanna waƙa a ma'aunin Homa, wai don ta shiga sahun adabi. Yau sai ƙwararru ke karanta ta. Shi kuwa salon Markus, Erich Auerbach ya nuna a littafinsa Mimesis na 1946 cewa ya karya wata tsohuwar ƙa'idar adabin Girka da Rum, wadda ta ce talaka sai a wasan barkwanci. A labarin daren da Bitrus ya yi musun ubangidansa, masunci ne da wata baiwa a bakin wuta, kuma an ba da labarinsu da nauyin da a da sai sarakuna ake ba.