Horar da ƙwaƙwalwa don iya karatu: abin da bincike ya tabbatar

Horar da ƙwaƙwalwa suna ne da ake ba wasu wasanni da atisaye, yawanci a kwamfuta ko a wayar salula, waɗanda masu sayar da su ke cewa suna ƙara natsuwa da riƙe abu a ka, har yaro ya iya karatu. Yanzu da manyan wayoyi suka shiga gidaje a Tamaske, Keita, Buza da Madawa, irin wannan talla na iske iyayen da ɗansu ya kai aji uku ko huɗu a lakwal bai iya haɗa baƙi ba. Kafin a kashe kuɗi, ko a yanke wa yaro hukuncin daƙiƙanci, ya kamata a san abin da masana suka gano.

Yadda ƙwaƙwalwa ke koyon karatu

Yaro na koyon magana tun yana goye, ba tare da malami ba. Karatu kuwa sai an koyar, domin rubutu bai fi shekara 5,000 da ɗoriya a duniya ba, kuma ba a haifi ɗan Adam da sashen karatu a kansa ba. A shekarar 2000, masana biyu na Faransa, Laurent Cohen da Stanislas Dehaene, sun bayyana wani ɗan wuri a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, can ƙasa ta wajen ƙeya. Asalinsa yana cikin yankin gane siffofin abubuwa da fuskoki. Idan mutum ya koyi karatu, sai wurin ya koma gane baƙaƙe, ya riƙa miƙa su ga sassan da ke kula da magana. Dehaene ya yi cikakken bayani a littafinsa Les Neurones de la lecture na 2007. A 2010 shi da abokan aikinsa sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar manya a Brazil da Fotugal, suka ga wannan canjin har ga waɗanda suka koyi karatu bayan sun girma.

Wannan bayani ya warware wani abu da ke damun iyaye. Ido ya saba ɗaukar akuya a matsayin akuya, ko gabas ta duba ko yamma. Shi ya sa ɗan ajin CI ke rikita b da d. Matakin koyo ne, kuma yana wucewa da yawan rubutu.

Mabuɗi na biyu shi ne kunne. Sai yaro ya ji cewa kalma guntayen sauti ce: a cire sautin farko na “ruwa”, a samu “uwa”, a canza na “tara”, a samu “bara” ko “fara”. Tun a 1979 José Morais ya nuna cewa manyan da ba su taɓa karatu ba a ƙauyukan Fotugal suna shan wuya da irin wannan gwaji, alamar cewa koyon baƙaƙe ne ke buɗe kunnen.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A 2010 mujallar Nature ta buga wani gwaji na Adrian Owen a Ingila, inda manya 11,430 suka yi mako shida suna wasannin horar da ƙwaƙwalwa. Sun ƙware a wasannin da suka yi, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan tunani ba. A 2011 masana sun tattara gwaje-gwajen da aka yi wa manhajar Fast ForWord, wadda aka ƙirƙiro a Amurka don yara masu wahalar karatu, ba su ga wata shaida mai ƙarfi cewa tana gyara karatu ba. A 2013 Monica Melby-Lervåg da Charles Hulme sun kai ga irin wannan sakamako game da atisayen riƙe abu a ka. A 2016 kuma kamfanin da ke da Lumosity ya yarda ya biya dala miliyan 2 bayan hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta zarge shi da tallar yaudara.

Darasin a fili yake: ƙwaƙwalwa na ƙwarewa a abin da aka sa ta yi. Wanda ya iya dara, dara ya iya. Manhajar da za ta yi amfani ita ce wadda ke koyar da baƙi da sautinsa kai tsaye, a harshen da yaro ke ji.

Abin da ke aiki

Hanyar da ta fi samun goyon bayan bincike ita ce a koyar da baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, a haɗa su gaɓa-gaɓa, a karanta da ƙarfi kullum, malami na gyarawa nan take. Mutanen Adar ba baƙin wannan tsari ba ne: a makarantar allo ana fara babbaƙu, a wuce farfaru, sannan a shiga haɗawa.

Harshe ma yana da nasa rabo. A Faransanci sauti ɗaya kan zo da rubutu uku, o, au da eau, ga kuma baƙaƙen ƙarshe da ba a furtawa. A rubutun Hausa kusan kowane baƙi sautinsa ɗaya. Yaron Tamaske da ya fara da Faransanci yana ɗauke da kaya biyu a lokaci guda, sabon harshe da sabon rubutu. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram a 1973, kuma kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa. Aikin da ke gaba yana da yawa: binciken PASEC na 2014 ya nuna ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ɗaliban ƙarshen firamare ne suka kai matakin karatun da ake bukata, a na 2019 kuma suka kai kusan kashi 30.

Jihar Tawa tana da nata tarihi a nan. A cikinta aka fara shirin École pour tous a 2004, tare da tallafin hukumar JICA ta Japan, inda iyaye ke zaɓen kwamitin kula da makaranta. Daga baya shirin ya ƙara da darussan cike gurbi bayan an tashi daga aji, ana raba yara gwargwadon abin da kowa ya iya.

A gida

Minti 15 a kowace rana sun fi awa biyu sau ɗaya a mako. Ko uwar da ba ta yi boko ba za ta iya wasan sauti da ɗanta, ta yi masa tatsuniya, ta sa shi ya karanta mata abin da ke cikin kaye. A tabbatar yana barci isasshe, kuma bai tafi lakwal da yunwa ba. Idan shekara ta zagayo ana koyarwa yadda ya kamata amma yaro bai motsa ba, a kai shi likita a duba ido da kunne, sannan a zauna da malaminsa. Wasu yaran suna da disleksiya, wato wahalar haɗa baƙi da sauti, wadda ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Abin da ke taimaka musu shi ne wannan koyarwar dai, a hankali, da ƙarin lokaci, ba tare da bulala ba.