Yadi da Mita: Gardamar da Ta Girme Mu

Ranar Laraba na leƙa kasuwar Nima, na tarar ana sa-in-sa tsakanin wani mai yadi da wata baƙuwa 'yar Maraɗi. Ta ce shida take so, ya auna mata shida. Ita mita take nufi, shi kuwa yadi. Ba wanda ya yi ƙarya, amma rabin mita ya salwanta, domin mita ta fi yadi da inci uku da ɗoriya.

To, shi yadin nan daga ina? A tsohon Ingilishi kalmar sanda kawai take nufi, sandar awo. Ana ba da labarin wai Sarki Henry na Ɗaya, wanda ya rasu a 1135, shi ya miƙa hannu ya ce daga hancinsa zuwa babban yatsansa yadi ke nan. Ni dai na ɗauke shi tatsuniya, ko da yake har gobe iyayenmu mata haka suke gwada zane. Da ma da jiki kakanninmu suke awo: kamu daga gwiwar hannu zuwa yatsa, gaba kuwa hannu biyu a buɗe.

Inci kuma ba na Ingila ba ne, aro suka yi daga Latin ɗin Rumawa, "uncia", wato kashi ɗaya cikin sha biyu. Shi ya sa ƙafa take inci 12. Oza ma daga nan ta fito. Mil kuwa "dubu" ne a Latin, takun soja dubu, kowanne ɗagawar ƙafa biyu. Sai a 1593 majalisar Ingila ta tsayar da shi ƙafa 5,280. Duk mai sauka a Mile 7 ta Achimota, ko Mile 12 a Legas, lissafin sojan Rum yake ambata.

Nijar ta gaji mita daga Faransa, inda aka ƙirƙiro ta a shekarun 1790. Gana ta koma mita da kilo a hukumance a 1975, zamanin Acheampong. Amma doka ba ta shiga rumfar atamfa ba. A Makola har yanzu yadi shida ko sha biyu ake yanka, gari kuma da olonka ake aunawa.

Waccan gardamar, wani tela ne ya raba ta. Ya zaro tef daga wuyansa, gefe ɗaya inci, ɗayan santimita, ya ce, "Hajiya, duba nan." Ta ƙara kuɗin rabin yadi.